Ovaprim a ɗakin ƙyanƙyasar tarwada: yana cika aikinsa a jikin mace, amma ba shi ne maganin matsalar maniyyi ba

Ovaprim ruwan allura ne da kamfanin Syndel na ƙasar Kanada yake haɗawa, kuma duk wanda ya taɓa shiga harkar ƙyanƙyasar tarwada a Najeriya ya san ƙaramar kwalbarsa mai cin mililita 10, wadda ake samu a shagunan kayan kiwon kifi da wasu shagunan magungunan dabbobi. Aikinsa shi ne ya sa kifin da ya riga ya ƙosa ya saki ƙwai ko maniyyi a ranar da mai gona ya zaɓa, ba tare da an jira saukar damina da cikar fadamu ba, waɗanda su ne suke motsa tarwada ta hayayyafa a inda take rayuwa da kanta. Ra'ayina a kansa, bayan na daɗe ina aiki da shi a ƙaramin ɗakin ƙyanƙyasa, shi ne cewa a jikin mace kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, a jikin namiji kuwa amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Da yawa daga cikin ƙwan da yake wayar gari fari fat a kan raga, wanda ake saurin ɗora wa allura laifinsa, daga wajen maniyyi matsalarsa ta faro.

Abubuwa biyu ne suke aiki a cikin kwalbar. Na farko kwaikwayon wani homon ne (wato sinadarin da jiki yake aika saƙo da shi daga wata gaɓa zuwa wata) na kifin salmon da ake kira GnRH, mikirogiram 20 a kowace mililita, wanda yake umartar ƙullutun fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya saki homon ɗin da yake ƙarasa nunar da ƙwai da maniyyi. Na biyu shi ne domperidone, miligiram 10 a kowace mililita, wanda masu kemis suka sani a matsayin maganin tashin zuciya da amai ga mutane, amma a nan aikinsa daban ne. Ƙwaƙwalwar kifi tana fitar da wani sinadari mai suna dofamin da take danne fituwitari da shi, ta yadda ko an ba shi umarni ba zai amsa sosai ba, domperidone kuwa yana toshe wa dofamin hanya. Haɗa waɗannan biyu a allura ɗaya ya samo asali ne daga aikin da Lin Haoran na Jami'ar Zhongshan ta ƙasar Sin da Richard Peter na Jami'ar Alberta ta Kanada suka yi tare a shekarun 1980, dabarar da aka sani da Linpe, kuma a kanta aka gina Ovaprim. Kafin nan, tun daga gwajin Bernardo Houssay a Ajantina a 1930 da aikin Rodolpho von Ihering a Burazil a cikin shekarun da suka biyo, abin da aka dogara da shi shi ne a ciro fituwitarin wani kifi, a niƙa shi a ruwan gishiri, a yi wa mace allura da shi.

A jikin mace ba ni da ƙorafi mai nauyi. Ana yin rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, a tsokar baya kusa da ƙayar gadon baya, saboda haka kwalba ɗaya tana isar kilo 20 na mata idan ba a yi ɓarna ba. Idan an zaɓi macen da cikinta ya cika ya yi laushi, wadda ƙwanta ya yi girma ɗaya, kuma zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 28, to cikin awa 9 zuwa 12 za a same ta a shirye, ƙwan yana zubowa da ɗan matsi kaɗan. A lokacin hunturu lokacin yana tsawaita sosai, shi ya sa wanda ba shi da ma'aunin zafi yake aiki da ka, kuma idan aka makara wajen tatsa ƙwan yakan wuce nuna ya lalace tun yana cikin uwar. Abin da ya sa na fifita shi a kan niƙaƙƙen fituwitari shi ne ƙarfinsa sananne ne, allurar jiya da ta yau ɗaya ne, mutum yana iya tsara darensa da safiyarsa a kanta.

Aibobinsa a wannan ɓangare ƙanana ne, amma ya kamata mai saye ya san su. Ruwan yana da kauri, domin a cikin sinadarin furofilin gilaikol aka narkar da maganin, saboda haka yana wahalar zuƙowa da siririyar allura, musamman da sanyin asuba, kuma yakan biyo allurar ya fito idan aka zare ta da sauri ba a ɗan murza wurin da yatsa ba. Farashinsa yana bin dala, yau nan gobe can. Sannan yana buƙatar wuri mai sanyi da duhu, abin da ba kowane mai shago ba ne yake kula da shi. Na taɓa shiga wani shago a tsakiyar bazara na tarar da kwalaben a jere cikin akwatin gilashi da yake fuskantar rana, na taɓa ɗaya na ji ta da ɗumi, mai shagon kuma yana ta rantsuwa cewa sabon kaya ne. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, sabunta ba ta isa hujja ba, sai an duba inda aka ajiye kwalbar da hatiminta da ranar ƙarewar aikinta.

Da aka zo kan namiji sai labari ya sauya, kuma dalilin yana cikin halittar tarwada kanta. A kifaye da yawa, kamar kifin kaf (carp) da salmon, idan namiji ya ƙosa ana matsa cikinsa ne maniyyi ya fito fari, a tara a ƙoƙo, a mayar da shi ruwa da ransa. Namijin tarwada ba ya tatsuwa haka. Marainansa suna kwance ne can sama kusa da ƙashin baya, hanji yana tare matsin hannu, sannan a ƙarshensu akwai wasu jakunkuna masu rassa da suka kewaye bututun da maniyyi yake bi, waɗanda suke tare masa hanya idan aka matsa. Ana Viveiros da abokan aikinta sun bi wannan matsala a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan a farkon shekarun 2000, suka gwada homon iri-iri don su ga ko namijin zai tatsu, abin da ake samu kuwa ɗan ruwa ne tsararo, sau da yawa gauraye da jini, wanda ba a iya dogara da shi wajen ƙyanƙyasa. Wannan ne ya sa har yau a yawancin gonakinmu ake kashe namijin, a tsaga cikinsa, a ciro marainan, a yayyanka gefensu da sabuwar reza a matse farin ruwan. Wanda ya sayi Ovaprim da fatan zai daina asarar mazansa, kwalbar ba za ta ba shi wannan ba.

Wasu suna yi wa namiji rabin abin da ake yi wa mace, ko ƙasa da haka, a daren da aka yi wa matan, kuma gaskiya ne da safe marainan sukan fi cika, ruwan ya fi sauƙin matsowa. Sai dai ya kamata a fahimci abin da ya faru a cikin daren. Samar da ƙwayoyin maniyyi aiki ne mai tsawo da wani homon na maza, 11-ketotestosterone, yake tafiyar da shi. Takeshi Miura da Yoshitaka Nagahama da abokan aikinsu sun nuna haka a 1991, lokacin da suka ɗauki gutsuren marainan dogon kifin nan na Japan da ake kira unagi, suka raine shi a ɗakin gwaji da wannan homon har ya fitar da cikakkun ƙwayoyi, kuma aikin makonni ya ɗauka, ba awoyi ba. Abin da allurar dare ɗaya take iya taɓawa shi ne matakin ƙarshe kaɗai, inda wani homon daban yake sa ruwa ya ƙaru a cikin maraina, ƙwayoyin da suka riga suka kammala su saku daga inda suke maƙale. Yawan ruwa ya ƙaru ke nan, ba yawan ƙwayoyi ba. Namijin da bai kai shekara ba, ko wanda aka bari a tanki yana cin ragowar abinci saboda an ɗauka cewa mata ne kaɗai suke buƙatar kulawa, ko an yi masa allura marainansa za su fito sirara, ja-ja, ana hango haske ta cikinsu. Na namijin da ya ƙosa kuwa farare ne sol, gefensu ya yi tudu-tudu, da an taɓa su da reza farin ruwa yake biyowa. Wancan ruwa mai yauƙi marar launi da yake fitowa daga jakunkunan baya ba maniyyi ba ne, kuma sabon shiga yakan ruɗe da shi ya ɗauka ya samu da yawa.

Akwai wata sa'a da masu tarwada suke da ita wadda ba su cika sani ba. A kifin salmon, ƙwayar maniyyin da aka ciro kai tsaye daga maraina ba ta cika iya motsi ba, sai ta ratsa bututu ta zauna a cikin ruwansa mai yawan sinadarin bayikabonet, wanda ma'aunin tsaminsa (pH) yake kusan 8, kafin ta samu ikon yin iyo. Maniyyin tarwada kuwa a cikin marainan da suka ƙosa ya riga ya samu wannan iko, jira kawai yake yi. Ba don haka ba, da dabarar tsaga ciki da muke yi ba ta haifar da ko ɗa ɗaya ba.

Abin da yake jira shi ne ruwa, kuma a nan ne ake yin asarar da ake ɗora wa allura. Muddin ƙwayar maniyyi tana cikin ruwan jikin kifi, wanda kaurin gishirinsa yake kusa da na jini, ba ta motsi ko kaɗan. Masaaki Morisawa da Suzuki sun bayyana a mujallar Science a 1980 cewa abin da yake tayar da ita ya bambanta daga wani kifi zuwa wani. A kifayen ruwan daɗi, faɗuwar kaurin gishiri ce take tayar da ita, wato da zarar ta haɗu da ruwan da ya fi ruwan jikinta tsarma sai jelarta ta fara kaɗawa. A kifayen teku akasin haka ne, sai ta shiga ruwan da ya fi na jikinta gishiri. A salmon da danginsa kuwa, raguwar sinadarin fotasiyam a kewayenta shi ne yake sakinta. Wannan bambanci yana da amfani ga mai koyon aiki a intanet, domin ruwan gishirin da yake kwantar da maniyyin tarwada yana tayar da na dangin salmon, saboda haka darasin da aka yi a kan kifin Turai ba a ɗaukarsa a ɗora wa namu kai tsaye.

Idan ta tashi kuma, lokacinta ƙanƙane ne. Ƙwayar maniyyin kifi tana da ɗan ƙaramin tanadi na kuzari, tana ƙone shi da sauri fiye da yadda take iya sabunta shi, ruwan daɗin da ya tayar da ita kuma shi ne yake kutsawa cikinta yana kumbura ta har jelar ta nannaɗe. A tarwada iyon bai cika kai minti ɗaya ba, ƙarfinsa kuwa a daƙiƙoƙin farko yake. Duk wanda ya samu madubin likita, ko da ƙaramin da ake amfani da shi a makarantun sakandare ne, ya kamata ya ga wannan da idonsa. Za a ɗiga ɗan maniyyi a kan gilashi, a leƙa, a ga ɗigo-ɗigo masu yawan gaske a tsaye cik. Sai a kawo ɗigon ruwa a tsinin allura a taɓa gefensa, nan take wurin ya hargitse, kowane ɗigo ya zabura ya nufi gabansa. Kafin mutum ya kira na kusa da shi ya zo ya gani, gudun ya ragu, saura suna karkarwa a wuri ɗaya, jim kaɗan kuma komai ya tsaya. Kamar tsinken ashana ne, sau ɗaya ake ƙyasta shi, wanda ya ci ya mutu ba ya sake kamawa.

A cikin wannan ɗan lokaci tafiyar da ƙwayar take yi ba ta wuce 'yan milimitoci ba, kuma ba ta da abin huda ɓawon ƙwai irin na maniyyin dabbobi masu shayarwa. Ƙofa ɗaya tak ce a jikin kowane ƙwai, ƙaramin rami da ƙwayar take shiga ta cikinsa, shi ma ƙwan da zarar ya taɓa ruwa sai ya fara kumbura, ƙofar ta rufe ba da daɗewa ba. Shi ya sa ake buƙatar dubban ƙwayoyi ga ƙwai ɗaya, kuma wani bincike da Rurangwa da abokan aikinsa suka yi a 1998 ya nuna cewa a tarwada kimanin 15,000 ga kowane ƙwai ne suke ba da sakamako mai kyau. Shi ya sa kuma tsarin aiki yake da ƙa'ida: a tsane macen da tawul kafin a tatsa, robar ta kasance busasshiya ƙarau, a zuba maniyyi a kan ƙwai a gauraya da gashin kaza ba tare da ruwa ba, sai komai ya haɗu sannan a zuba tsabtataccen ruwa a ci gaba da juyawa na kimanin minti ɗaya, a baza a kan raga tun ƙwan bai fara mannewa da juna ba.

Wani mai gona da ya manyanta ya taɓa zuwa wurina da kwalbarsa a aljihu, ransa a ɓace, ya ce: "Malam, allurar bana ba ta da ƙarfi, ƙwan duk ya yi fari." Na ce: "Alhaji, macen ta saki ƙwai kuwa?" Ya ce ta saki har ya kusa cika roba, kore shar, ba jini ba gudaji. Na ce masa, to, allura ta gama nata aikin a nan, sai mu duba abin da ya biyo baya. Da muka bi aikin daki-daki, sai ya bayyana cewa yaronsa, saboda tsabta, yakan kai marainan bakin famfo ya ɗauraye jinin da ke jikinsu bayan ya riga ya yayyanka su, sannan ya ajiye a kofi ya je kamo macen. Lokacin da maniyyin ya isa kan ƙwai, fari ne kamar kullum, ido ba zai ga bambanci ba, amma ya daɗe da gama iyonsa a cikin kofi. Jini ana goge shi ne da busasshiyar takarda ko tsumma mai tsabta tun kafin a sa reza. Ba ina cewa kowace asara daga nan take ba, domin ƙwan da ya wuce nuna, da ruwa mai kulorin, da ƙarancin iska a tankin ƙyanƙyasa, da cunkusa ƙwai a kan raga, duk suna kashe ƙwai. Amma idan mace ta saki ƙwai mai kyau a kan lokaci, kwalbar ita ce ta ƙarshe da ya kamata a tuhuma.

Abin da yake tsare maniyyi ba ya cikin kwalbar Ovaprim, kuma kuɗinsa bai kai nata ba ko kusa. Ledar ruwan gishiri ce ta asibiti, mai kashi 0.9 cikin ɗari, wato giram 9 na gishiri a lita ɗaya, wadda kaurinta ya yi daidai da abin da yake hana maniyyin tarwada tashi. Idan aka matse maraina a cikinta, ƙwayoyin suna nan kwance da kuzarinsu, kuma tsarma su da aka yi yana sa su bazu a kan ƙwai sosai, har namiji ɗaya ya ishi mata da dama. Na fi son ta asibiti a kan wadda ake haɗawa a gida, domin awon cokali ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma idan gishirin ya gaza, ruwan da aka yi don ya kwantar da maniyyi shi ne zai tayar da shi. A kula kuma kada a ɗauko ƙaramar robar ruwan haɗa allura a maimakonta, domin wannan tsuran ruwa ne ba gishiri a cikinsa.

Da wannan ruwa da sanyin firji, kimanin digiri 4, maniyyin tarwada yana iya kwana ɗaya ko biyu yana da amfani, ko da yake ƙarfinsa yana raguwa da tafiyar lokaci. Sharuɗɗan da ake yawan karyawa su ne guda biyu. Ƙwayoyin suna numfashi ko suna kwance, saboda haka ba a cika ƙaramar kwalba da su a toshe, sai dai a zuba su a faffaɗan mazubi, zurfin ruwan bai wuce 'yan milimitoci ba, a bar iska a samansa, a riƙa ɗan karkaɗawa lokaci-lokaci don kada su kwanta a ƙasa su shaƙe juna. Sannan sanyi ake so, ba daskarewa ba, domin ƙanƙara tana farfasa su. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kula mai ƙanƙara tana wadatarwa, muddin an naɗe ƙanƙarar da tsumma, mazubin bai taɓa ta ba, kuma ruwan da ya narke bai sami hanyar shiga ba. Kafin a yi amfani da abin da aka ajiye, ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubi yana raba gardama, kuma a ganina ɗakin ƙyanƙyasar da yake iya sayen Ovaprim kwalba bayan kwalba ba shi da hujjar rasa madubi.

Wannan ajiya ta kwana ɗaya tana da wani sakamako da ya shafi cinikin Ovaprim kai tsaye. Namijin da za a kashe don marainansa yana ɗauke da fituwitari a kansa, wanda zai iya sa macen da ta yi kusan nauyinsa ta saki ƙwai. Matsalar ita ce fituwitari da daddare ake buƙatarsa, maniyyi kuwa sai da safe. Wanda ya iya ajiya zai kashe namiji ɗaya da yamma, ya yi wa macen allura da fituwitarinsa, ya sa maniyyin a firji, da safe ya haɗa, bai sayi kwalba ba kuma bai kashe kifi na biyu ba. Ga mai mace ɗaya ko biyu wannan hanya ce mai kyau, idan yana da haƙurin fasa ƙoƙon kan tarwada, wanda ba ƙaramin tauri ne da shi ba, ya gano ɗan farin ƙullutun ba tare da ya murƙushe shi ba. Ga mai mata goma a dare ɗaya kuwa lissafin ba ya fita, a nan ne Ovaprim yake da gurbin da ba a ture shi. Akwai kuma Ovulin daga Sin da Ovatide daga Indiya, waɗanda aka gina a kan dabara ɗaya, galibi sun fi araha, Ovatide kuma ya fi tsarma da sauƙin zuƙowa. A jikin macen da ta ƙosa ban ga tazarar da za ta sa in hana mutum sayensu ba, a jikin namiji kuwa iyakarsu ɗaya da ta Ovaprim.

Ajiya mai tsawo wani fage ne daban. Tun a 1953 John Blaxter ya daskarar da maniyyin kifin herin a Sikotilan a kan sanyin digiri 79 ƙasa da sifili, ya adana na masu hayayyafa a wani lokaci na shekara ya haɗa shi da ƙwan masu yi a wani lokacin, kuma a shekarun 1980 masu bincike a Afirka ta Kudu suka yi nasarar daskarar da na irin tarwadar da muke kiwo. A yau ana gauraya maniyyi da sinadarin kariya irin su metanol ko gilisarol, a ɗura a siraran bututu, a sanyaya a hankali, a nutsar a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda zai iya shekaru. Kayan aikin ba baƙi ba ne a Arewa, domin da irinsu ake adana maniyyin bijimai a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya. Ba aikin ƙaramin mai gona ba ne, tulun naitirojin sai an riƙa cika shi a kai a kai, amma shi ne abin da zai magance wata illa da kashe maza yake jawowa: namiji mai kyawun iri sau ɗaya ake cin moriyarsa, daga baya a koma haɗa 'ya'yansa da junansu, iri ya riƙa tsukewa.

Tsakanin kashewa da daskararwa akwai hanya ta uku da aka gwada, har da masu bincike a Jami'ar Maiduguri: a sumar da namijin, wasu da man kanumfari suke yi, a tsaga cikinsa kaɗan, a yanko wani sashe na maraina, a ɗinke, a mayar da shi tsabtataccen ruwa, bayan 'yan watanni abin da aka yanke ya sake tofowa. Tana buƙatar hannu mai natsuwa da zaren ɗinki na asibiti, kuma a irin wannan namiji ne kaɗai nake ganin ƙaramar allurar Ovaprim tana da ma'ana, domin tana sa a sami ruwa mai yawa daga ɗan guntun da aka yanko. Namijin da za a kashe kuwa ba na yi masa allura, kuma ba don tsimi kawai ba. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta sanya Ovaprim a 2009 cikin jerin magungunan da aka yarda a sayar don iyayen kifin ado, ba don kifin da mutane za su ci ba, alhali a gonakinmu namijin da aka ciro marainansa da asuba yakan shiga tukunya ko ya hau wayar banda kafin azahar.